Karatun Fasahar Kwaikwayon Zahiri a Jami'a: Lissafin da ke Gaban 'Yan Kasuwar Fegge

ANACA: A unguwar Fegge da ke kudancin birnin Anaca, da sauran wuraren da Hausawa suka kafa zango a Inugu da Fatakwal, babu jarin da ya kai kuɗin makarantar yara daɗewa kafin ya dawo. Tirelar albasa da ta taso daga Aliero takan juya kuɗinta cikin 'yan makonni, ta shanu ma haka, amma digiri sai ya ci shekara huɗu idan an yi sa'a, sa'an nan a ƙara shekara guda ta bautar ƙasa, kafin uba ya san ko ya ci riba ko ya faɗi. Don haka ɗan kasuwar da ɗansa ko 'yarsa ta zo masa da maganar karanta fasahar kwaikwayon zahiri a jami'a yana da hakkin ya tsaya ya auna kayan kafin ya biya.

Fasahar iri biyu ce, ko da yake akan haɗa su a fanni ɗaya. Ta farko, wadda masana suke taƙaita sunanta da haruffan VR, ita ce wadda mutum zai ɗaura wani tabarau mai na'ura a fuskarsa, duniyar da yake ciki ta ɓace masa, ya tsinci kansa a cikin wata wadda kwamfuta ta zana, in ya waiwaya dama ya ga abin da ke dama, in ya ɗaga kai ya ga rufi. Ta biyu kuwa, wato AR, tana barin mutum a inda yake, sai dai ta ɗora masa zane ko rubutu a kan abin da idonsa yake gani, galibi ta kyamarar wayar hannu. Misalinta shi ne manhajar da kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya fitar a shekarar 2017, wadda mai saye zai nuna wayarsa ga kusurwar ɗakinsa ya ga yadda kujera za ta zauna a wurin tun bai biya ko kwabo ba.

Ba sabon abu ba ne kamar yadda ake zato. Tun a shekarar 1968 Ivan Sutherland ya haɗa tabarau na farko irin wannan a Jami'ar Harvard ta Amurka, mai nauyin da sai da aka rataye wani sashensa a rufin ɗaki. A farkon shekarun 1990 kuma wani injiniyan kamfanin jiragen sama na Boeing, Tom Caudell, ya laƙaba wa nau'i na biyu sunansa, a lokacin da yake neman hanyar nuna wa ma'aikata inda kowace waya za ta bi a jikin jirgi ba tare da sun riƙa duba takarda ba. Wato tun asali fasahar ta taso ne daga ɗakin bincike da masana'anta. Wasanni daga baya suka shigo.

Abin da manyan kamfanoni suka gani

Mai son sanin lafiyar kasuwa sai ya dubi littafin manyan dilolinta. A watan Maris na 2014 kamfanin Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera tabarau a kan kuɗi kimanin Dala biliyan 2, a watan Oktoba na 2021 kuma ya sauya sunansa zuwa Meta domin nuna cewa nan ya sa gaba. Sashen kamfanin da ke kula da wannan harka ya bayar da rahoton faɗuwar Dala biliyan 10.2 a 2021, da biliyan 13.7 a 2022, da biliyan 16.1 a 2023, da kuma biliyan 17.7 a 2024. Jimilla Dala biliyan 57.7 ke nan cikin shekara huɗu, alhali cinikin sashen a 2024 bai wuce Dala biliyan 2 da ɗoriya ba. Kamfanin Google ya daina sayar da tabaransa na Glass a watan Maris na 2023, Microsoft kuma ya dakatar da ƙera HoloLens 2 a ƙarshen 2024. Shi kuwa Apple da ya shigo da Vision Pro a watan Fabrairu na 2024, ya sa masa farashin Dala 3,499, kuɗin da ya kange shi daga talakan Amurka ma, balle na Nijeriya.

Waɗannan alƙaluma sun isa su sanyaya gwiwar duk wanda ya taɓa riƙe littafin ciniki. Sai dai akwai bukatar a rarrabe tsakanin mai ƙera tabarau da mai rubuta abin da za a gani a cikinsa. Faɗuwar Meta ta fito ne daga bincike da ƙere-ƙere da kuma karya farashi domin jawo masu saye, kuma wannan karya farashi alheri ne ga ƙananan masu sana'a, kamar yadda arahar babur ta zama alheri ga makanikai. Inda fasahar ta nuna tana biyan kuɗinta shi ne wajen horar da ma'aikata. A 2018 kamfanin shaguna na Walmart ya raba tabarau kimanin 17,000 ga rassansa na Amurka domin koyar da ma'aikata, manyan kamfanonin mai irin su Shell da ExxonMobil kuma sun yi amfani da ita wajen koya wa ma'aikata abin da za su yi idan gobara ta tashi ko iskar gas ta tsiyaya. Dalilin a fili yake: kuskure a cikin tabarau ba ya cin rai, ba ya ƙona matatar mai, kuma ana iya maimaita darasi sau ɗari ba tare da an tsayar da aiki ba.

A ƙasar nan ma an taɓa harkar. A shekarar 2016 Judith Okonkwo ta buɗe cibiyar Imisi 3D a Legas, wadda ta shirya gasar farko ta masu rubuta irin wannan manhaja a Nijeriya a cikin shekarar, daga baya kuma ta sami tallafin asusun ƙirƙira na hukumar UNICEF domin gwada fasahar a makarantu. A watan Satumba na 2019 Joel Kachi Benson ya ciyo lambar yabo a bikin fina-finai na Benis da ke Italiya da fim ɗinsa na tabarau mai suna Daughters of Chibok. Kafin shi ya yi wani a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da ke Maiduguri. Abin lura a nan shi ne labaran biyu duk na Arewa ne, amma kyamara da gwaninta da lambar yabo duk Legas suka koma.

Me ake karantawa, kuma a ina?

A wasu ƙasashe fannin ya riga ya sami digiri nasa na kansa. Ma'aikatar ilmi ta ƙasar Sin ta shigar da shi cikin jerin darussan digiri na farko a 2020, Jami'ar Lund ta Suwidin tana ba da digiri na biyu a kansa, haka kuma Jami'ar Shenandoah ta Amurka tana da digiri na farko. A Nijeriya kuwa, sabuwar manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022 ta ware ilmin kwamfuta a matsayin tsangaya mai zaman kanta, da darussa irin su kimiyyar kwamfuta, da injiniyancin manhaja, da tsaron intanet, da kimiyyar sarrafa bayanai, amma babu kwaikwayon zahiri a cikin wannan jeri a matsayin digiri. Abin da hukumar ta yi shi ne ta riƙe kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. Ta wannan ƙofa ce jami'ar da take da malamai da kayan aiki za ta iya shigo da fannin.

Ma'anar wannan ga uba ita ce, yaron da ya ce zai karanta wannan fasaha a gida Nijeriya, kimiyyar kwamfuta ko injiniyancin manhaja zai cike a takardar hukumar JAMB, sa'an nan ya karkata zuwa fannin ta hanyar darussan zaɓi, da aikin koyon sana'a na wata shida, da kundin kammala digiri. A ganin mai lissafi wannan bai zama hasara ba. Digirin da aka ɗaure shi da na'ura guda yana tsufa tare da na'urar, kuma an ga yadda Glass da HoloLens suka ƙare. Wanda ya riƙe digirin kwamfuta gaba ɗaya, idan kasuwar tabarau ta yi sanyi, banki ko kamfanin waya ba za su juya masa baya ba.

Karatun kansa ba wasa ba ne, ko da yake daga nesa ya yi kama da wasa. Ginshiƙinsa lissafi ne, musamman aljabara da ilmin kusurwoyi, domin duk motsin da kan mutum ya yi sai kwamfuta ta sake lissafa matsayin kowane abu da ke cikin hoton. Fim na silima yana nuna hoto 24 a daƙiƙa guda ido ya gamsu, amma tabarau yana bukatar kimanin hoto 90 a daƙiƙa, kuma kowane ido da nasa hoton. Wato na'urar tana da kimanin kashi 11 cikin 1,000 na daƙiƙa ta gama zana duniya sau biyu. Idan ta makara, ido ya ce an motsa, kunnen ciki mai kula da daidaiton jiki ya ce ba a motsa ba, sai jiri da tashin zuciya su kama mai kallo, ya tuɓe tabarau ya ajiye, ciniki ya watse. Rabin gwanintar mai wannan sana'a tana wajen rage wa na'ura nauyi ne ba tare da hoton ya lalace ba. Bayan lissafi sai harsunan rubuta manhaja, C# ga masu aiki da Unity, C++ ga masu aiki da Unreal Engine, sai zanen abubuwa masu tsawo da faɗi da zurfi, wanda ake iya koyo da manhajar Blender da ake samu kyauta. Yaron da lissafi yake ba shi wahala a sakandare, gara a faɗa masa gaskiya tun da wuri.

Ta fuskar makarantu, mazauna Fegge ba su yi nisa da su ba. Jami'ar Nnamdi Azikiwe tana Awka, tafiyar da ba ta kai kilomita 50 ba. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, wadda aka buɗe a 1960, ta kafa cibiyar renon ƙananan kamfanonin fasaha mai suna Roar Nigeria a harabarta a 2017. Akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Owerri, da Jami'ar Fatakwal, sa'an nan a cikin garin Inugu akwai cibiyar Genesys mai horar da matasa rubuta manhaja. Shirin Gwamnatin Tarayya na horar da matasa miliyan 3, wanda aka fara a ƙarshen 2023, shi ma ya sa haɗa wasannin kwamfuta da zane mai motsi cikin darussansa, kuma su ne maƙwabtan wannan fanni na kusa.

Sai dai akwai wani ƙulli da ya shafi 'ya'yan Hausawan kudu musamman. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ta kasa gurabe uku: kashi 45 cikin 100 na cancanta, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilmin zamani. Abin da ake dubawa kuwa shi ne takardar shaidar asali, ba wurin haihuwa ba. Saboda haka yaron da aka haifa a Fegge, ya yi firamare da sakandare a Anaca, yana jin Ibo kamar jakin Kano da Hausa, ba ya cikin kashi 35 na Awka matuƙar takardarsa ta Kano ce ko Sakkwato. Amma yana iya shiga ta kashi 20, tunda akasarin jihohin Arewa suna cikin wannan rukuni, kuma a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello takardar tasa takan zame masa gata. Iyaye da yawa ba sa yin wannan lissafi sai bayan an rufe cike takarda. Abin mamaki ne a garuruwan da Hausawa suka daɗe haka. A Inugu ma ai Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu daga lardin Sakkwato, shi ne magajin gari na farko a shekarun 1950.

Kuɗin da za a kashe

Kuɗin makaranta shi ne ƙaramin sashen lissafin. Babban sashen kayan aiki ne, kuma duk da Dala ake sayensu. Tabarau mafi araha na kamfanin Meta, Quest 3S, ya fito a watan Oktoba na 2024 a kan Dala 299. A canjin lokacin, kimanin Naira 1,600 kowace Dala, ya kama wajen Naira 480,000 kafin a sa kuɗin dako da na kwastan, wato kusan albashin wata bakwai ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yuli na shekarar. Da a ce canji yana nan a Naira 460 kamar kafin a saki Naira a watan Yuni na 2023, da bai kai Naira 140,000 ba. 'Yan canji ba sa bukatar a yi masu bayanin wannan. Kwamfutar da za ta iya ɗaukar aikin zanen kuwa ta fi tabaran tsada nesa ba kusa ba, kuma tana shan wuta. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin lantarki na masu rukunin farko daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kowane ma'auni.

Asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, wanda ya fara aiki a watan Mayu na 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, ya kuma ba ɗalibi Naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa a kai, abin da zai kwantar da hankalin iyayen da ke gudun riba. Amma ko ɗalibi ya tara kuɗin shekara guda cur bai ci komai ba, Naira 240,000 ce, rabin kuɗin tabarau. Akwai kuma hasarar lokaci: yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya kama daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas, dokar zaman gida ta ranar Litinin da aka ƙaƙaba wa jihohin kudu maso gabas tun daga watan Agusta na 2021 kuma ta cinye wa kasuwa da makaranta ranaku masu yawa.

Akwai hanyar rage kuɗin. Nau'in AR ba ya bukatar tabarau ko kaɗan, wayar Android mai matsakaicin ƙarfi ta isa a gwada aiki, kuma masu saye sun riga sun mallaki wayoyin. Ɗalibi yana iya shafe shekara biyu na farko a kan lissafi da rubuta manhaja da kwamfuta madaidaiciya, ba a sayi tabarau ba sai ya nuna abin da ya haɗa da hannunsa. Tabarau guda kuma yana isar ɗalibai biyar ko shida, tunda yawancin aikin a kan kwamfuta ake yi, gwaji kawai ake yi da shi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da suka saba adashi da haɗa kuɗin mota ba za su rasa yadda za su yi da wannan ba. Kafin a biya kuɗin kowace makaranta kuwa, ya kamata uba ko wakilinsa ya taka ƙafa zuwa sashen, ya tambayi tabarau nawa ke aiki, wane malami ne ke koyar da zanen kwamfuta, da kuma kundin ɗaliban bara. Sunan darasi a takardar talla sayen kifi a ruwa ne.

Wa zai sayi aikin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi. Guraben aiki masu ɗauke da sunan wannan fanni ba su da yawa a ƙasar nan, kuma akasarinsu suna Legas. Wanda ya ƙware yana iya yi wa kamfanin waje aiki daga ɗakinsa a biya shi da Dala, musamman tunda kamfanin MTN ya fara layin 5G a 2022 a birane da suka haɗa da Fatakwal da Owerri da Kano, Starlink kuma ya shigo a watan Janairu na 2023. Sai dai a wannan fage zai yi gogayya ne da matasan Indiya da gabashin Turai, kuma ba a tambayar takardar digiri kafin a ga aikin hannu.

A cikin gida, masu saye na farko su ne kamfanonin mai da gas na yankin Fatakwal, waɗanda dokar 2010 ta fifita 'yan ƙasa ta wajabta masu ba kamfanonin Nijeriya fifiko a kwangiloli, har da na horarwa. Sai masu gina rukunin gidaje a Abuja da Inugu da Kano, waɗanda suke sayar da gida tun yana kan takarda, sai makarantun koyon aikin likita da na jinya, sai masana'antu irin na Nnewi. Kasuwar dabbobi da ta gwari kam a cire su daga lissafi. Babu dillalin da zai sayi sa bai shafa tozonsa ba, kuma bidiyon WhatsApp ya riga ya biya bukatar nuna kaya daga nesa a kyauta.

Inda ɗan Bahaushe ya fi takwaransa na Legas dama shi ne harshe. Fiye da mutum miliyan 50 ne Hausa take harshensu na farko, kuma kusan babu kayan horarwa na wannan fasaha da aka yi domin su. Bitar maniyyata misali ne a sarari. Kowace shekara hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi suna koya wa dubban mutane ɗawafi da sa'ayi da jifa, sau da yawa da ɗan akwatin katako da aka lulluɓe da baƙin yadi a tsakiyar fili, ga dattawan da ba su taɓa shiga jirgi ba. A watan Disamba na 2021 hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma ta Saudiyya ta ƙaddamar da kallon Hajarul Aswad ta tabarau, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Ummul Ƙura. Abin ya jawo muhawara har hukumar harkokin addini ta Turkiyya ta fito a farkon 2022 ta bayyana cewa irin wannan ziyara ba ta zama aikin Hajji ba. Hukuncin bai hana koyarwa da ita ba. Manhajar bita da muryar malami Bahaushe, wadda za ta bi da maniyyaci daga sauka a Jidda zuwa hanyar Mina da hawa-hawan Jamarat, aiki ne da ɗalibai uku ko huɗu za su iya somawa a matsayin kundin kammala digiri, kuma masu sayenta sanannu ne: hukumomin alhazai na jihohi 36 da Abuja, da kamfanonin jirgin yawo masu kai mutane Umara duk shekara.